Kyamara da Lens Don Ɗaukar Bidiyo: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Na fara riƙe kyamara tun zamanin ƙaramin kaset na Mini DV, lokacin da awa guda ta hoto sai an zauna awa guda cur ana juye ta zuwa kwamfuta. Yanzu kusan kowane mako sai wani matashi ya tare ni ina naɗe wayoyi bayan an tashi daga biki, ko ya turo saƙo da tsakar dare, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Na gaji da maimaita su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara su a nan. Ban sa farashi ba, don farashin da na rubuta yau ba zai kai watan gobe ba.

Wace kyamara ce ta fi kowace kyau?

Kafin in amsa sai na tambaye ka aikin da za ka yi da ita. Mai ɗaukar tafsirin azumi zai kafa kyamara wuri guda ta yi awa biyu ba ta tsaya ba. Shi abin da ya dame shi kada ta yi zafi, kada ta yanke, sauti ya fita tas. Mai biki yana gudu daga tsakar gida mai rana zuwa ɗakin amarya mai duhu cikin minti ɗaya. Shi fokas mai sauri da ƙarfi a duhu yake nema. Mai shirya fim yana da lokacin kafa fitila da maimaita fitowa, don haka launi da zurfin hoto ne a gabansa. Mai zama gaban kyamara shi kaɗai yana magana don YouTube, allon da ke juyowa gaba ya fi masa komai amfani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Idan wani ya ambaci suna ɗaya bai tambaye ka aikinka ba, galibi wadda yake son sayar maka ce.

Ina da waya mai kyau. Dole sai na sayi kyamara?

Ba dole ba ne, musamman idan aikinka na TikTok da Facebook ne kuma da rana kake ɗauka. Akwai manhajar Blackmagic Camera, kyauta ce, tana ba ka damar riƙe shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) da ISO (ƙarfin jin haske) da launi da hannunka kamar a babbar kyamara. Inda waya ke gazawa shi ne cikin duhu, da ɗauka daga nesa, da dogon aiki ba tsayawa. Sai kuma abin da ba a faɗa a fili: mai biki da ya biya kuɗi ba ya son ya gan ka da waya a hannu, ko da hotonta ya fi na kyamarar maƙwabcinsa.

Mene ne bambancin DSLR da marar madubi da kamkoda?

DSLR kyamarar hoto ce mai madubi a ciki, aka ƙara mata bidiyo daga baya. Nikon D90 ce ta fara a 2008, amma Canon 5D Mark II da ta fito a shekarar ce ta juya sana'ar baki ɗaya, domin a karon farko mai ƙaramin ƙarfi ya samu hoton da baya ke narkewa irin na manyan fina-finai. Marar madubi an cire mata wancan madubin, ta fi sauƙin nauyi, kuma can kamfanoni suka mayar da hankalinsu yanzu. Idan yau za ka fara, ka fara da marar madubi.

Kamkoda kuwa ita ce mai lens ɗaya a manne wanda ba a cirewa, mai zum mai tsawo da maɓalli a ƙarƙashin yatsa. Matasa suna raina ta don bayan hotonta ba ya narkewa. Amma a wurin wa'azi, taron siyasa, saukar karatu ko wasan ƙwallo, har gobe ban ga abin da ya kama ƙafarta ba: ba ta yankewa, ba ta cika zafi ba, batirinta na daɗewa, kuma da yawansu suna da filtar rage haske a ciki.

Ina jin ana cewa ful firem, APS-C, Micro Four Thirds. Me ake nufi?

Girman sensa ake nufi, wato ɗan allon da ke karɓar haske a bayan lens. Ful firem milimita 36 ne a 24. APS-C ya kai kusan 23.5 a 15.6, na Canon ya ɗan fi haka ƙanƙanta. Micro Four Thirds, irin na Panasonic GH5, 17.3 ne a 13. Babban sensa ya fi tara haske, ya fi narkar da baya, amma shi da lens ɗinsa sun fi tsada da nauyi.

Abin da zai shafe ka kullum shi ne ƙaramin sensa yana yanke gefen hoto. Lens mai 50mm a kan Sony APS-C zai nuna maka kamar 75mm, a kan Canon kamar 80mm, a kan GH5 kuwa kamar 100mm. Na ga yaro ya sayi 50mm don an ce masa shi ne lens ɗin biki, ya shiga ɗakin amarya, ya manna bayansa da bango har yana taka kwanuka, amma fuska da rabin ɗankwali kawai yake samu. Ka riƙe wannan lissafin kafin ka karanta amsar lens na farko a ƙasa. Kuma kada wani ya sa ka ji kunyar APS-C: girmansa ya yi kusa da Super 35, ma'aunin da aka shafe shekaru da dama ana ɗaukar manyan fina-finan duniya da shi.

4K dole ne?

4K ɗigo 3840 ne a 2160, ninki huɗu na 1080p mai 1920 a 1080. Yawancin masu kallonka a waya za su kalla, da data mai tsada, bayan WhatsApp ya matse hoton, don haka ba za su ga bambancin ba. Amfaninsa na gaske a wurin editin yake: ka ɗauki malami a faɗi, daga baya ka yanko fuskarsa kusa, ya zama kamar kyamara biyu ka kafa. Ko ka ciro hoton tsaye na waya daga na kwance. Kuɗinsa kuma shi ne kati, da wurin ajiya, da kwamfutar da za ta iya juya shi, da zafi. Ka sayi mai 4K, amma ba kowane aiki za ka kunna shi ba.

A kula da tarko ɗaya: wasu kyamarori sun rubuta 4K a kwali amma da sharaɗi. Canon M50 ta 2018 tana yanke hoto sosai a 4K, kuma fokas ɗinta mai kyau ba ya aiki a nan. A 1080p kuwa lafiya lau take.

Kuɗina ba su da yawa. Yaya zan raba su?

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a jikin kyamara, ya dawo gida babu makirfo, babu fitila, batir ɗaya, kati ɗaya. Ni shawarata kada jikin ya cinye fiye da rabi. Ragowar a raba tsakanin lens mai kyau guda ɗaya, makirfo, fitila ko da ɗaya ce, mai ƙafa uku mai kan da ke juyawa a hankali, batura uku da kati biyu. Jikin kyamara yana tsufa cikin 'yan shekaru, sabo ya fito ya karya masa daraja. Lens mai kyau kuwa zai bi ka kyamara uku ko huɗu, ranar da ka matsu ka sayar da shi kusa da yadda ka saya. Tsohuwar Sony A6400 da fitila da makirfo za ta kunyata Sony FX3 mai tsada da aka riƙe a duhu ba komai.

Wane lens zan fara saya?

Idan aikinka na taro ne, zum mai matsakaicin zango wanda buɗinsa, wato lambar f da zan yi bayani a ƙasa, ba ya canzawa. A APS-C, Tamron 17-70mm f/2.8 ko Sigma 18-50mm f/2.8. A ful firem, 24-70mm f/2.8, ko 24-105mm f/4 idan ka fi son tsawo a kan haske. Sigma 18-35mm f/1.8 da ya fito a 2013 har yau ana ji da shi, sai dai nauyi gare shi kuma zangonsa gajere ne.

Na biyu ya zama marar zum mai buɗi sosai, don duhu da hira. Canon 50mm f/1.8 da takwarorinsa su ne mafi arha a wannan layi. A APS-C ka nemi 30mm ko 35mm maimakon 50mm, saboda lissafin yanka da na yi a sama. Dogo irin 70-200mm sai aiki ya nema. Ranar hawan Sallah, ko ɗaurin auren da jama'a suka cika ƙofar masallaci ba ka da hanyar kutsawa, a nan za ka san darajarsa. Sauran kwanaki nauyi ne kawai a jaka.

Lens ɗin da ke zuwa da kyamara, mai rubutun f/3.5-5.6, ba abin yarwa ba ne da rana. Aibinsa shi ne kana zum hoto na ƙara duhu a idon mai kallo.

Me lambar f take nufi, kuma me ya sa ƙarama ta fi tsada?

Girman ƙofar da haske ke shiga ne, kuma a juye lambar take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Jerin shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki yana raba haske biyu. Wato f/2.8 yana shigar da ninki huɗu na hasken f/5.6. Babbar ƙofa tana buƙatar babban gilashi da aka goge da kyau, tsadar ke nan.

Buɗe ƙofa yana narkar da baya, amma yana siranta wurin da ke fokas. A f/1.8 idon ango zai fito tar, amarya da ke taku ɗaya a bayansa ta yi dishi-dishi, kuma danginta ba za su karɓi bayanin cewa salo ne ba. Mutum biyu ko uku, ka rufe zuwa f/4. Hoton dangi layi biyu, f/5.6 ko f/8.

Zan iya ɗaura lens ɗin wani kamfani a kyamarata?

Sau da yawa za ka iya, da adafta. Dalili shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa: a Canon EF milimita 44 ce, a Sony E 18, a Canon RF 20, a Nikon Z 16. Adafta cike gibin yake yi, shi ya sa lens ɗin DSLR ke hawa marar madubi amma akasin haka ba ya yiwuwa. Lens ɗin EF sun cika kasuwar na hannu, kuma a kan kyamarar RF da adaftan Canon suna aiki kamar a gidansu. A kan Sony da Sigma MC-11 suna aiki, sai dai fokas a bidiyo yakan yi jinkiri ko ya riƙa farauta. Akwai kuma irin Metabones Speed Booster mai gilashi a ciki, wanda ke rage yankan ƙaramin sensa ya ƙara haske mataki guda.

Tsofaffin lens na hannu zalla, irin Helios 44-2 mai 58mm na zamanin Tarayyar Sobiyet, suna da arha da wani laushi mai daɗi a fuska. Na fim ne da waƙa, kada ka kai su biki.

Me ya sa hotona ke layi-layi ko ƙyaftawa a cikin ɗakin taro?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don maganinta kyauta ne. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar da Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Fitilu suna ƙyaftawa tare da wutar, ido ba ya gani amma kyamara na gani. Kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka tana zuwa a kan tsarinsu na NTSC, firem (hotuna a daƙiƙa) 30 ko 60, shota 1/60, sai ta riƙa saɓawa da fitilunmu. Ka shiga menu ka mayar da ita PAL, tsarin da ya dace da wutarmu, ka ɗauka a firem 25 da shota 1/50. Idan za ka rage gudun hoto daga baya, kamar lokacin liƙi ko shigowar amarya, firem 50 da shota 1/100. Ƙa'idar ita ce shota ta ninka firem sau biyu. Haka motsi ke fitowa yadda ido ya saba. iPhone ma yana da wurin kunna tsarin PAL a saitin kyamararsa.

Wani lokaci ka yi duk wannan layin bai tafi ba. To ka saurara ka ji ko an koma janareta. Ƙaramin inji ba ya tsayawa daidai kan 50, yana hawa yana sauka da nauyin da aka ɗora masa. Haka fitilun ado masu arha da manyan allunan da ake kafawa bayan ango da amarya, kowanne da nasa bugun. A nan sai ka riƙa matsa shota kaɗan-kaɗan kana kallon allo har layin ya tsaya. Panasonic suna kiran wannan Synchro Scan, sababbin Sony da Canon ma suna da irinsa. Idan taka ba ta da shi, ka kunna fitilarka ta batir ta rinjayi ta ɗakin.

Da rana hoto yana fari fat idan na bar shota a 1/50. Ya zan yi?

Filtar ND, wato tabarau mai duhu da ake ɗaurawa a bakin lens. ND8 yana rage mataki uku, ND64 shida, ND1000 goma. Ranar Kano da azahar, idan kana son f/2.8, shida ne mafi ƙarancin abin da zai ishe ka. ND mai juyawa, wanda ake murɗawa a ƙara ko a rage duhunsa, ya fi sauƙin aiki a taro, amma idan ka murɗa shi ƙarshe yakan zana wani duhu mai siffar X a tsakiyar hoto, mai arha kuma yana sa launi ya yi kore. Ka sayi mai faɗi, kamar 77mm ko 82mm, da zoben rage girma, filta ɗaya ta yi wa duk lens ɗinka. Idan babu filta, ɗaga shota ya fi ƙona hoto. Motsi zai ɗan yi tsalle-tsalle amma aƙalla akwai abin kallo.

A duhu kuma hotona yana yin yashi.

ISO ne ya yi yawa. ISO ba ya ƙara haske, ƙara murya yake yi wa ɗan abin da ya shigo, kamar ka ƙure rediyon da tasharsa ba ta kama ba. Ka fara buɗe lens, sannan ka kawo fitila, ISO ya zama na ƙarshe. Kowace kyamara tana da iyakar da hoto ke lalacewa. Ka gwada taka a ɗakinka da dare ka san lambar tun kafin ranar aiki. Sony A7S III da FX3 sun yi suna a duhu, sensa ɗinsu megafiksel 12 ne kacal, wanda ya isa ya nuna maka yawan megafiksel ba shi ne kyan bidiyo ba. Fitila kuma kada ka ɗora ta a kan kyamara tana dukan fuska kai tsaye, tana fito da maiƙo da gumi. Ka ba yaro ya riƙe ta daga gefe, sama kaɗan, da farin ƙyalle a gabanta.

Me ya sa fuskokin mutane ke yin duhu ko su canza launi?

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki. Ango ya sha farar shadda da babbar riga, abokansa goma duk fari, sai kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskoki su nutse. Ka bar atomatik, ka auna da fuska. Ka kunna zebra, wato layukan da ke bayyana a allo kan wurin da haske ya yi yawa, a 95 ko 100 don ka ga inda rigar ta fara ƙonewa, ka tsaya daf da nan, don aikin zaren da ke wuyan rigar ya fito. Mutumin da ya biya kuɗin ɗinkin zai neme shi a hoto. Idan fuska ba ta kai ba, haske za ka ƙara mata da fitila ko faifan mayar da haske.

Launi kuma, ka kulle shi da hannu. A ma'aunin launin haske, rana kusan 5600K ce, jan ƙwai 3200K. A ɗakin taro ka sa farar takarda a inda amarya za ta zauna ka saita da ita. Idan ka bar shi atomatik, duk lokacin da fitilar DJ ta juya daga shuɗi zuwa ja fatar mutane za ta bi ta, kuma gyaran wannan a editin azaba ce.

Ana ta maganar log da 10-bit. Ina buƙatarsu?

Log hoto ne da ake ɗauka a kwance, fari-fari ba launi, don a adana bayanin wuri mai haske da mai duhu, daga baya a gyara. 8-bit yana da matakai 256 a kowane launi, 10-bit yana da 1024. Idan ka ja launin log na 8-bit da ƙarfi, sararin sama da bango za su tsattsage su yi zobe-zobe. Saboda haka S-Log3, wato log ɗin Sony, a kan masu 8-bit irin A7 III ko A6400 wahala ce da ba ta biya. A kan masu 10-bit ko fiye irin FX30, GH5, ko Blackmagic Pocket, log yana da ma'ana, in har kana da lokacin zama da manhajar gyaran launi ta DaVinci Resolve. Mai bikin da zai miƙa aiki jibi, ya zaɓi launin kyamara na yau da kullum ya daidaita haske tun a wurin, kamar yadda na yi bayani a amsar da ta gabata.

Fokas na atomatik ko na hannu?

A taro, atomatik mai bin ido na Sony da Canon ya fi hannun yawancinmu. Tsofaffin Panasonic irin GH5 suna yawan numfashi gaba da baya, sai a S5 II ta 2023 suka gyara tsarin. Blackmagic Pocket kuwa ka ɗauke ta a matsayin ta hannu. Inda atomatik ke cin amana shi ne cunkoso: mai liƙi ya gifta, fokas ya bar amarya ya bi shi. Ka rage saurin sauyawarsa a menu, ko ka taɓa fuskar da kake so a allo ka kulle.

Kyamarata tana mutuwa saboda zafi.

Yawancin kyamarori an ƙera su su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, mu kuma a watan Afrilu inuwa ma takan wuce 40. Ka janye allo daga jikinta, nan zafi ke taruwa. A Sony ka mayar da Auto Power OFF Temp zuwa High. Ka sauka 1080p idan 4K ba dole ba ne, ka kashe ta tsakanin fitowa, ka sa lema ko farin ƙyalle, kada ka bar ta a mota. Mai dogon aiki ya nemi mai fanka a ciki, irin FX30, FX3 ko S5 II.

Kada ka haɗa wannan da yankewa a minti 29 da daƙiƙa 59. Wancan ba zafi ba ne, iyaka ce da kamfanoni suka sa saboda harajin da Tarayyar Turai ke ɗora wa kyamarar bidiyo a da. A7 III da yawancin DSLR na Canon suna da ita, A6400 da GH5 ba su da ita. Mai ɗaukar tafsiri ya duba wannan kafin komai.

Wane kati zan saya?

Ka duba alamar V. V30 yana nufin ba zai gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba, kuma ya ishi 4K mai megabit 100, wanda ke cin kusan gigabait 45 a awa. Manyan saituna suna neman V60, V90 ko CFexpress.

Jabu ya fi na gaske yawa a kasuwa. Na taɓa sayen kati mai rubutun 128GB a wani shago da arhar da ta kamata ta tsorata ni. Na ɗauki kamu da shi tun daga la'asar, kyamara ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da dare na zuba a kwamfuta, fayilolin farko suka buɗe, sauran duk suna nan da sunansu da girmansu amma babu komai a ciki. Ƙaramin kati ne aka yi wa ƙaryar girma. Har yau ina tuna shirun uwar amarya a waya. Tun daga ranar kowane sabon kati sai na cika shi da manhajar H2testw ta tabbatar da girmansa kafin ya shiga jakata. Ka riƙa goge kati a cikin kyamara, ba a kwamfuta ba, kuma kada ka goge sai aikin yana wuri biyu. Kyamara mai ramin kati biyu, irin A7 III, FX30 da GH5, tana rubutawa a duka lokaci guda. Ga mai aikin da ba a maimaitawa wannan ya fi 4K muhimmanci.

Batir fa, ga halin wutarmu?

Ƙaramin batirin Sony NP-FW50 ba ya jimawa, NP-FZ100 ya ninka shi. Blackmagic Pocket 4K tana shanye LP-E6 kafin ka gama gaisawa. Ka riƙe uku aƙalla, da caja mai cin biyu da ke aiki da fawa bank. Don dogon zama, fawa bank ta USB-C ko batirin V-mount. Kada ka jona kyamara kai tsaye da wutar janareta. A ɗauke wuta tana rubutu, fayil ɗin ya tafi.

Makirfon jikin kyamara bai isa ba?

Bai isa ba. Mutane za su jure hoto mai rauni, amma ba za su jure sautin da ba sa ji ba. Makirfo kusanci yake so: ɗan maƙalawa irin Rode Wireless GO ko DJI Mic a wuyan riga ya fi mai tsada da ke taku goma nesa. A taro ka roƙi mai kayan sauti ya ba ka layi daga miksa zuwa rikoda irin Zoom H5, ka bar makirfon kyamara a kunne don hayaniyar jama'a da daidaita sauti. Ka tsayar da ma'aunin sauti kusa da -12, ka sa abin ji a kunne. A6400 da M50 ba su da ramin abin ji, ZV-E10 tana da shi. Mayafi da sarƙa suna gogar makirfo, don haka idan mace za ka maƙala wa, ka miƙa wa 'yar'uwarta ka nuna mata wurin.

Gimbal ko mai ƙafa uku?

Mai ƙafa uku tukuna. Gimbal, wato mariƙin da ke hana hoto girgiza idan kana tafiya, na shigowa ne da rakiya, ba na yini guda ba, kuma hoton da ke ta shawagi ba dalili yana gajiyar da ido kamar yadda yake gajiyar da kafaɗa.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba?

Ka je da katinka da batir mai caji, kada a gaggauta ka. Ka cire lens ka haska sensa ka ga ko akwai karce. Ka rufe bakin lens ka ɗauki baƙin hoto, ɗigon ja ko fari da ba ya motsi mataccen ɗigo ne. Ka bar ta tana ɗaukar 4K minti ashirin ka ga zafinta. Ka soka waya a kowane rami, musamman ƙaramin HDMI da na makirfo, su ne ke fara lalacewa. Ka duba kan sukurori, idan sun cinye an taɓa buɗe ta. Ƙidayar shota ba ta faɗa maka komai kan kyamarar da bidiyo ta yi ta yi. Ka tabbata menu yana da Turanci, don Sony da aka yi wa kasuwar Japan yakan zo da Japananci kaɗai, ka kuma ga tana komawa PAL.

Lens kuwa ka haska tocila ta bayansa. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka zauna a Legas ko Fatakwal, ka ajiye shi komai arharsa.

Yaya zan kare kaya daga ƙurar hunturu da danshin damina?

Kada ka canza lens a fili lokacin hazo. Ka shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi da sauri. Marar madubi sensa ɗinta a buɗe yake da zarar ka cire lens. Idan kana ganin ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, ka rufe zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, za su fito sarai. Ka fara da robar hura iska. Kada ka hura da baki, kada ka sa gefen riga. A gilashi ma ka hure ƙurar kafin ka goge, don ƙurar hunturu yashi ce, gogewa a kanta karce ne.

Da damina ka ajiye kaya a roba mai murfi da ƙullin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa shanya ƙullin a rana. Idan ka fito daga ɗaki mai sanyin AC zuwa waje, gilashi zai yi gumi. Ka bar kyamarar cikin jaka a rufe minti goma kafin ka buɗe. Bayan hawan Sallah kuwa, kafin ka cire lens ka bi jikin kyamarar da busasshen burushi, har zoben zum da ƙarƙashin allo, don ƙurar da dawakai suka tayar tana nan a kowane lungu.